SHARHI: Kafin a sake kai baƙi bakin Nilu a Khartum, akwai magana

A watan Janairun 2026 Firaminista Kamil Idris ya sanar da cewa gwamnatin Sudan ta koma Khartum, bayan kusan shekara uku tana zaman jiran tsammani a Port Sudan, garin da mu a nan muke kira Bor Sudan. Tun kafin wannan sanarwa talakawa sun riga gwamnati komawa. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa watan Oktoban 2025 sama da mutum miliyan ɗaya sun koma birnin. Ana share tituna, ana janye ƙonannun motoci, masu shayi sun fara jera kujerunsu a inuwar da ta rage.

Na san wani zai ce, malam, ana ga wuta kana ga ƙura? El Fasher ta faɗi a ƙarshen Oktoban 2025, ana gwabza yaƙi a Kordofan, miliyoyin mutane ba su koma gidajensu ba, kai kuma za ka zo mana da zancen yawon buɗe ido da shiga jirgin ruwa? Tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, tun ran gini ake zane. Yanzu ne ake yanke shawarar wanda zai mallaki bakin kogin, da wanda za a bari ya kasa hajarsa a wurin, da kuma labarin da za a riƙa ba baƙo idan ya zo. In muka jira sai an gama komai, za mu tarar an raba gona ba mu nan. Ni malamin makaranta ne a ɗaya daga ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, kuma ta wannan fuskar nake kallon lamarin.

Abin da baƙo ke gani kafin yaƙi

Ga mai karatu da ke Kano ko Maraɗi, Khartum birni uku ne a haɗe: Khartum ɗin kanta, da Umdurman, da Bahri. Ruwa ne ya raba su, gadoji suka haɗa su. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha, ya ratsa Rusairis da Sinja da Sinnar da Madani. Farin Nilu yana tasowa daga wajen tafkin Biktoriya, ya ratsa Sudan ta Kudu da Kosti. A wurin da ake kira Mugran suke haɗuwa. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, Shuɗin yakan zo da ƙarfi da laka har ya tokare Farin, sai ka ga ruwa kala biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Duk baƙon da ya zo, nan ake fara kai shi. Akan shiga ƙaramin jirgin ruwa mai inji daga Titin Nilu, a zagaya tsibirin Tuti, a tsaya a mahaɗar ruwan, a dawo ana kiran magariba.

Tuti ɗin ma abin kallo ce. Ƙauye ne na mutanen Mahas a tsakiyar babban birni, da lambunan lemo da kayan miya da wuraren gasa jan bulo, kuma sai a 2009 aka yi mata gada. Kafin nan sai da kwalekwale ko fito. A Titin Nilu kuwa akwai Fadar Jamhuriya, da Jami'ar Khartum, da Zauren Abota da China ta gina, da dogon otal ɗin nan mai siffar ƙwai da Libiya ta gina. Can kusa da Mugran akwai Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971. A farfajiyarsa aka sake harhaɗa tsoffin wuraren bauta na Buhen da Semna da Kumma, waɗanda aka kwance dutse bayan dutse daga arewa lokacin da ruwan madatsar Aswan zai haɗiye su. A benensa akwai zanen bangon cocin Faras na zamanin daulolin Kiristocin Nuba.

Idan aka tsallaka Umdurman sai tarihin Mahadi. Ga ƙubbarsa, wadda Turawa suka farfasa bayan yaƙin Karari na 1898 aka sake gina ta a 1947. Ga gidan Halifa Abdullahi da aka mayar gidan tarihi. Ga ragowar ganuwar laka a bakin kogi inda mayaƙan Ansar suka kafa bindigoginsu. Daga nan sai kasuwar Umdurman, sai kasuwar kifi ta Maurada, sai kasuwar raƙuma ta Muwailih. Ranar Juma'a da yamma kuwa kowa Hamad al-Nil ya nufa, inda 'yan Ƙadiriyya ke yin halƙar zikiri da ganguna da riguna kore da ja. Bakano da ya saba da bandiri da maukibi ba zai ji baƙunta ba a wurin. Masu son kokawa su wuce Haj Yusuf kallon 'yan Nuba. Wanda yake da kwana biyu a hannu ya tafi Sabaloka inda kogi ke ratsa duwatsu, ko madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937, ko ya miƙa arewa zuwa dalar Bajrawiya, wadda UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2011.

Su wa ke cin abinci a bakin kogi?

Idan ana maganar yawon buɗe ido, hankalin mutane kan tafi ga manyan otal da kamfanonin da ke kai Turawa sahara a motoci masu tsada. Waɗannan suna nan, amma 'yan kaɗan ne. Ainihin kasuwar bakin kogi ta ƙananan mutane ce. Matan da ke sayar da shayi da gahawa, waɗanda ake kira sittat shayi, su ne suka raya Titin Nilu da dare. Mace ɗaya da murhun gawayi da kujeru goma tana ciyar da gida, tana biyan kuɗin makaranta. Bayan su akwai mai kwalekwale, da mai suyar kifi, da mai ɗaukar hoto, da mai raksha, wato a-daidaita-sahu, da yaron da ke kawo ruwa da ƙanƙara.

Mu Hausawa muna da kaso babba a wannan kasuwa, ko da ba a rubuta sunanmu a allon kowane kamfani ba. Naman da duk Sudan ke kira agashe, kalmar ma da kanta tana faɗin inda ta fito. Tsirenmu ne, da ƙuli da yaji, kuma babu wani dandali na Khartum da ba ka jin ƙamshinsa bayan la'asar. Godogodon da matanmu ke damawa, 'yar'uwar fura, ta shiga bakin Balarabe da Banube. Kamun kifi a Nilu biyun, daga Rusairis har Jabal Auliya, akwai hannun masuntanmu a ciki. A ƙauyenmu kaɗai na san gidaje da dama da kuɗin cefanensu daga tukubar agashe a Khartum yake zuwa. Matashi zai tafi bayan girbi, ya yi wata biyar ko shida, ya dawo da kuɗin iri da na aure. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, waɗannan samari suka dawo hannu rabbana. Ba a jima ba yaƙin ya biyo su gida: Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, Sinnar ta zauna a ƙawanya na watanni.

Shi ya sa idan na ce yawon buɗe ido, tukuba nake nufi da murhun shayi. Kuɗin Sudan da kafin yaƙi ake canza dala ɗaya a kan fam kusan 600, a 2025 ya haura 3,000 a kasuwar bayan fage. Albashin malami irina ba ya kai mako biyu. Gonakin Jazira suna fama da toshewar magudanan ruwa da rashin iri da taki. A irin wannan hali, duk sana'ar da mutum zai iya farawa da jari kaɗan ya samu na tuwo a ranar, ba abin rainawa ba ce.

Abin da yaƙi ya ci

Sojoji sun karɓe Fadar Jamhuriya ranar 21 ga Maris ɗin 2025, a watan Mayu kuma suka ce sun kammala fitar da RSF daga jihar Khartum. Abin da aka tarar ba ya faɗuwa. Gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri ta karye tun Nuwambar 2023, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi. Fadar ta ƙone. Dogayen benayen Mugran sun zama kwarangwal. Tuti, wadda gada ɗaya ce hanyarta, ta zama kurkuku ga mazaunanta na tsawon watanni, har mafi yawansu suka fice. Dajin Sunut da ke bakin Farin Nilu, inda tsuntsaye masu ƙaura ke sauka, an sare shi an yi gawayi da itacen girki. An kuma gano nakiyoyi da aka binne a yankin Mugran ɗin, daidai inda iyalai ke zuwa shan iska da yaransu.

Gidan Tarihi na Ƙasa, mai ɗauke da kayayyaki kimanin 100,000, ya kwashe kusan shekara biyu a hannun RSF. Da ma'aikatansa suka koma sai suka tarar da akwatunan gilashi a farfashe, ɗakin ajiyar zinaren sarakunan Kush wayam. Abin da ya tsira shi ne wanda ya fi ƙarfin ɗauka, irin gunkin sarki Taharka da wuraren bautar da ke farfajiya. Gidan Halifa ma an yi masa ta'adi. Hukumomi sun ce sun ƙwato wasu ɗaruruwan kayayyaki, amma kowa ya san abin da ya tsallaka iyaka ya shiga hannun dillalai, dawowarsa sai an sha wuya.

Wannan asara ta fi ƙarfin lissafin kuɗi. Kafin yaƙi nakan shiga cikin malaman da ke raka ɗalibai rihla, wato ziyarar gani da ido, zuwa Khartum. Mukan tashi da asuba, mu bi ta Madani, mu isa da hantsi. Darasin da na yi wata guda ina maimaitawa a allo game da mahaɗar Nilu, minti biyar a Mugran yakan zaunar da shi a kan yaro har abada. Gani ya kori ji. Yau ina da ɗalibai 'yan shekara goma sha biyu da suka yi kusan shekara biyu ba su shiga aji ba, waɗanda Khartum a wurinsu sunan wurin da yayansu ya gudo daga ciki ne kawai. Ƙasar da yaranta ba su taɓa ganin babban birninta ba sai a bidiyon ƙonewa, da wuya su ji cewa tasu ce.

Wane baƙo ne zai fara zuwa?

A nan ne nake jin tsoron a yi kuskuren lissafi. Ko a lokacin zaman lafiya, Sudan ba ta taɓa zama kamar Masar ba. Takunkumin Amurka da aka ƙaƙaba a 1997 ya sa katin banki na waje ba ya aiki, biza tana da wuya, ɗaukar hoto ma sai da takarda. Turawan da ke zuwa Bajrawiya ko ninƙaya a Sanganeb ta Bahar Maliya ba su da yawa. Yanzu da ƙasashensu suka gargaɗe su kada su zo, kuma jirage marasa matuƙi suka kai har Bor Sudan a watan Mayun 2025, wanda ya gina shirinsa a kan Bature zai daɗe yana jira.

Baƙon farko ɗan ƙasa ne. Wanda ya dawo daga Alƙahira ko Jidda yana son ya nuna wa 'ya'yansa garinsu. Ango da amarya daga Gadarif ko Kassala. Ɗaliban makaranta. Ma'aikacin da ya gaji yana neman inda zai zauna ya sha gahawa ya kalli ruwa. Waɗannan ba sa buƙatar otal mai tauraro biyar. Suna buƙatar wuri mai tsabta, da fitila, da banɗaki, da jirgin ruwan da ba zai kife ba.

Baƙo na biyu kuwa daga yamma zai zo, daga ƙasar Hausa. Kafin yaƙi jirage na tashi daga Kano zuwa Khartum. Akwai masu zuwa asibiti, akwai 'yan kasuwa, akwai masu ziyarar shehunnai, akwai dubban ɗalibai, musamman a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka. Mai karatu zai tuna yadda aka kwaso ɗaliban Najeriya a 2023, wasu ta iyakar Masar wasu ta Bor Sudan. Wannan alaƙa ba jiya aka ƙulla ta ba. Hanyar hajji ce ta ƙasa, wadda kakanni suka bi da ƙafa da jaki daga Kano zuwa Borno, zuwa Wadai, zuwa Darfur, har Sawakin inda ake shiga jirgin Jidda. Har gobe jirgin ruwan fasinja daga Sawakin yake tashi. To amma ban taɓa ganin kamfanin zagayawa da baƙi ko ɗaya da ya tanadi mai jagora da Hausa ba, alhali a cikin Sudan akwai masu jin Hausa da Larabci kamar ruwa, ga su nan zaune ba aikin yi. Kasuwa ce a ƙofar gida aka tsallake ta ana hangen nesa.

Labarin da ba a ba baƙo

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Zagayawa da baƙo ba nuna gini kaɗai ba ne. Mai jagora yana faɗin su wane ne masu ƙasa. Labarin da aka saba bayarwa a Khartum yana farawa da Kush da Marawi, ya bi ta daular Funj ta Sinnar, ya zo Turkawa, ya zo Mahadi da Gordon, ya ƙare da 'yancin kai na 1956. Duk gaskiya ne. Amma babu mu a ciki.

Ba a faɗa wa baƙo cewa Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya amsa kiran Mahadi tun daga yamma, ko cewa mutanen yamma sun yi yaƙi a rundunar Ansar. Ba a faɗa masa cewa bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a suka yi hijira zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Shaikh Talha wajen 1906, suka kafa garin da har yau ake kira Maiurno, da sarautarsa. Ba a faɗa masa cewa lokacin da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun Hausa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka haƙa magudanai suka tsinci audugar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar shekara da shekaru. Unguwar Ishash Fallata da ta daɗe a tsakiyar Khartum an tashe ta, ko allo ba a kafa ba.

Abin ya samo asali tun daga aji. Tsohuwar kwalejin horon malamai ta Bakht al-Ruda, wadda aka kafa a 1934, ta yi wani shahararren littafin labarin ƙasa da iyayenmu suka karanta, inda ɗalibi ke yin tafiyar zuci yana ziyartar abokai a sassan Sudan: ɗaya a Golid, ɗaya a Yambiyo, ɗaya a Wad Sulfab ta Jazira, da sauransu. Dabara ce mai kyau ƙwarai, har a kwalejin da na yi ana yaba ta. Sai dai tafiyar ba ta biya ta Maiurno ba. Yaron da ya tashi bai taɓa ziyartar ka ko a littafi ba, idan ya girma ya zama jami'i, sai ya tambaye ka takardar kakanka.

Na taɓa tsayawa da ɗalibaina a wani wurin tarihi, mai jagora ya ji suna Hausa a tsakaninsu, sai ya yi murmushi ya ce, "Marhaba da baƙinmu na Najeriya." Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba. Wata yarinya ta ce masa kakan kakanta a bakin wannan kogin aka binne shi. Ya yi shiru, ya ba da haƙuri. Abin da ba a koya masa ba ne.

Kada a ɗauka wannan ƙorafin neman suna ne. A watan Yulin 2022, a jihar Shuɗin Nilu, zancen ba Hausawa masarauta ya rikiɗe ya zama zubar da jini a Rusairis da Ganis da kewaye, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu daga ɓangarorin biyu, dubun dubata suka bar gidajensu. Kalmar da aka yi ta jifa da ita a lokacin ita ce, ku baƙi ne, ba ku da ƙasa. Rikicin yana da siyasa a ciki, yana da rigimar filaye, ban musa ba. Amma kalmar ta samu wurin zama ne saboda an shekara ɗari ana ba da labarin Sudan ba tare da mu ba. Allon da ke jikin bangon gidan tarihi da bakin mai jagora a cikin kwalekwale suna daga cikin wuraren da ake gyara wannan, a hankali, ba tare da an zagi kowa ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Mutanen kanabi, wato sansanonin leburorin Jazira, da 'yan Nuba, da Beja, kowa yana da shafin da aka tsallake.

Abin da nake ganin ya dace

Na farko, tsaro kafin kwalliya. Kada a buɗe wani dandali a Mugran ko Tuti sai masu kwance nakiya sun ba da shaida a rubuce, an kuma kafa alama da Larabci da hoto yadda wanda bai yi karatu ba zai gane. Haka ruwan sha, domin kwalarar da ta ɓarke a Khartum a 2025 ta nuna abin da ke faruwa idan tashoshin ruwa suka tsaya. Yaro ɗaya ya taka nakiya a wurin shaƙatawa, an kashe kasuwar shekara goma.

Na biyu, bakin kogi ya zauna na kowa. Tun kafin yaƙi akwai masu kuɗin da suka ƙyalla ido a kan Mugran da Tuti, suna mafarkin benaye irin na Dubai. Yanzu da gwamnati ke neman kuɗin sake gini ido rufe, kuma masu filaye da yawa suna gudun hijira, lokacin cin bulus ya yi. Ya kamata a dakatar da sayar da filayen bakin ruwa har masu su su dawo. Mutanen Tuti sun shahara da tare ambaliyar 1946 da jikinsu da buhunan ƙasa. Ba daidai ba ne abin da ruwa ya kasa ƙwacewa a ƙwace shi da takarda.

Na uku, a ba ƙananan masu sana'a lasisi mai araha da wuri sananne. Shekaru da dama matan shayi sun sha kasha, wato samamen da ake kwashe musu kujeru da butoci a ci su tara. Idan za a sake tsara Titin Nilu, a zana wurin mai shayi da mai agashe a cikin taswirar tun farko. Masu jiragen ruwa kuma a yi musu rajista, a tilasta rigar ruwa, a ƙayyade yawan fasinja.

Na huɗu ya shafe mu malamai. A dawo da rihla cikin tsarin karatu, a fara da abin da ke kusa. Ba sai an je Khartum ba tukuna. Daga ƙauyenmu, madatsar Sinnar tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Ga kufan tsohuwar Sinnar ta sarakunan Funj, ga fadar Maiurno, ga Jabal Moya, ga gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935 idan hanya ta yi lafiya. Kuma tafiyar ta zama ta kai da kawo: yaran Khartum su ma a kawo su su ga yadda ake noman rani a bakin Shuɗin Nilu, su ci tuwo a gidajenmu.

Na biyar namu ne, mu Hausawan Sudan, kuma ba ya jiran gwamnati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattawan da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa, yaƙin nan ma ya tafi da wasu. Kowane malami yana da waya a aljihu. A zauna da su a naɗi muryarsu, a rubuta sunayen zangon da aka bi, a ɗauki hoton takardun ajami da wasiƙun da suka tsira. Samarinmu da suka gama sakandare su koyi tarihin Umdurman da Tuti da kyau, ta yadda ranar da jirgin Kano ya sake sauka, za a samu wanda zai tarbi alhaji ya zagaya da shi da harshensa. 'Yan'uwa na Najeriya da Nijar, musamman jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, suna da rawar takawa a nan, domin rabin wannan tarihin a ɗakunan karatunsu yake, rabin kuma a zaurukanmu.

Akwai mai cewa duk wannan mafarki ne muddin ba a daina harbi ba, kuma yana da gaskiya. Jirgi marar matuƙi ɗaya ya isa ya watse kasuwar dare. Babu mai jagora, komai daɗin bakinsa, da zai iya sayar da garin da ake jin ƙarar bindiga. Zaman lafiya ne jarin farko, kuma ba a hannun mai kwalekwale yake ba. Sai dai mutanen da suka koma Khartum ba su jira an sa hannu a wata yarjejeniya ba kafin su hura gawayi. Sun riga sun fara. Abin da ya rage shi ne ko masu tsara birnin za su gan su, ko kuwa za a sake zana Khartum a ofis a ce su matsa gefe.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.